Mai Buga Ƙarfe

Ni na rataye ƙarfen nan a reshen dalbejiya,
wilin wata roka da ta mutu a hanyar Dukku.
Ran da na fara buga shi
yara goma sha ɗaya suka shigo,
da akuya ɗaya da ta biyo mai ita.

Ba gwamnati ce ta gina ta ba.
'Yan Tudun Hatsi ne, masu awo da masu ɗinkin buhu,
suka gaji da tura 'ya'ya nesa
su dawo sun iya lissafi sun mance alwala,
ko sun iya alwala, rasit ya gagare su karantawa.
Malam Gidado ya ce a zuba biyun a tukunya ɗaya.
Aka ce da wane kuɗi?
Ya ce duk buhun da zai bar kasuwa
a ɗebi mudu guda, a ajiye.

Ajin farko sito ne,
yana warin wake da maganin ƙwari.
Allo kuwa ƙyauren shago
da muka goga wa baƙin tsohon batir.
Albashin Malama Yelwa na watan fari
masara ce, buhu da rabi.
Ta ce a bar wa mai gadi rabin.
Ni ne mai gadin. Ban manta ba.

A damina ta huɗu ruwa ya kwana yana zuba,
kwari ya buɗe baki ya haɗiye katangar gabas
har da makewayi da rabin aji uku.
Aka yi jarrabawa a zauren Hajiya Dudu,
tsakanin kwandunan daddawa,
takardun suka tafi Bauchi da ƙamshin miya.
Bakwai suka ci.
Aka yanka zakara biyu, ya ishe mu.

Daga nan ban san yadda aka yi ba,
kamar ɗan da kake gani kullum
sai ran nan ka ji murya ta fashe.
Bene ya tashi, aka kawo kwalabe da ƙwarangwal na roba,
bas mai ruwan ƙwai, ɗakin kwamfuta mai sanyi,
yara ɗari takwas, ban san sunan rabinsu ba.
Malam Gidado bai ga benen ba.
Sunansa na bisa ƙofa,
mai fenti ya mance harafi ɗaya, har yau ba a gyara ba.

Hammadu, wanda na sha kamowa a kan katanga,
shi ne shugaba yanzu, da tabarau.
Ya sa ƙararrawar lantarki.
In an ɗauke wuta, sai a aiko yaro:
Baffa, wai ka buga.

Jiya jikan Iro mai ɗinkin buhu
ya tsaya a ƙofata da takarda a hannu.
Kuɗin zango ya fi ƙarfin allurar gidansu.
Na bar gadi, abin da ban taɓa yi ba,
na hau benen da gwiwoyin nan,
na ce, Hammadu, ina mudun kakansa?
Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Yau da safe na buga ƙarfe, da wuta da komai.
Yaron ya wuce ni a guje,
rigar ta yi masa yawa.