An Riga An Kama

A waya muryarsa zuma ce:
"Ɗaki biyu da falo, hawa na biyu,
ki zo ki gani da ƙarfe huɗu."
Ban yi barcin kirki ba bayan aikin dare,
hannuna na ƙanshin sabulun wankin asibiti
na ɗauko Tavion daga makaranta.
Toledo ta sha dusar ƙanƙara ranar,
takalmin yaron ya jiƙe kafin bas ta zo.

Mista Haldeman ya buɗe ƙofa rabi.
Ya dubi fuskata, ya dubi ta yaron,
sai zumar ta daskare.
"Ayya, an riga an kama. Ɗazu-ɗazun nan."
Allon neman ɗan haya na jingine a tagar bayansa,
bai ko waiwaya ya ji kunyarsa ba.

Tavion ya ce, "Mama, wa ya kama?"
Na ce, "Wani mai sauri."
Sauran na haɗiye.

Ba yau farau ba.
Uwata ta haɗiyi irinsa a garin nan,
da hularta ta coci da farar safar hannu,
ta dawo ta ce mana unguwar dama ba ta yi mata ba.
Sai da na yi furfurar fari na gane
abin da ya hana ta cin abinci a daren.

Paulette Wojcik, wadda muke ninke zannuwan gado tare,
ta ji labarin, ta ajiye kofinta.
Ta buga lambar da safe, ina tsaye a gefenta.
"Yana nan," in ji zuma. "Yaushe za ki zo?"
Ta je. Ta ɗauko mini hoton kicin,
labule ruwan ɗorawa, taga mai kallon bishiya.
Har rangwamen watan farko ya yi mata.
Ramin ƙarya ƙurarre ne, an ce,
amma ni ce na kwana a cikinsa.

Ofishin kare haƙƙin masu neman gida
yana saman wani shagon gyaran tabarau.
Misis Renfro ba ta ce mini "yi haƙuri" ba,
biro ta miƙo.
Wace rana? Ƙarfe nawa? Me ya ce, kalma da kalma?
Na zazzage jakata a kan teburinta:
tikitin bas, hoton tallar gidan,
wayata da ta riƙe lokacin kira,
sha ɗaya da minti arba'in da biyu.
Ashe tarkacen jakar mace shaidu ne.

Sai layin da ke tambayar dalili.
Ƙananan akwatuna a jere:
addini, asali, nakasa, iyali, launin fata.
Shekara arba'in da uku ina sanye da amsar,
amma biron ya yi nauyi kamar taɓarya.
Na danna har takardar ta kusa hujewa.

Ta ce za su aika nasu mutanen, biyu-biyu,
albashi ɗaya, tarihi ɗaya, fata daban,
su ƙwanƙwasa ƙofar su ji wa za a ce wa an kama.
Ta ce abin yakan ɗauki watanni.
Na ce na saba jiran bas.

Har yanzu muna falon yayata.
Tavion na barci a kujera, ƙafarsa ta fi ta tsawo.
Wasiƙar na manne a jikin firji,
ya haddace lambar ƙarar kamar lambar waya.
Ban sani ba ko ina son labulen nan ma yanzu.

Amma shi ma an kai masa tasa wasiƙar.
A bakin ƙofa bai tambayi sunana ba,
yanzu sai ya zauna, ya sa tabarau,
ya karanta shi baƙi da baƙi:
Verlene Oakes.
Kuma ana jiran amsarsa.