Kwanon Fitila

A Ƙofar Ruwa, can ƙuryar layin masu tayoyi,
nan rumfar Baffa Ilu take, mai gyaran fitilun mota.
Ran Asabar ni ke kai masa tuwo a langa,
in zauna kan mataccen batir har ya suɗe hannu.

Rannan ya ɓalle kwanon wata fitila,
ya huce shi, ya goge da bakin riga,
ya jingine a bango.
"Hajjo, ja da baya. Me kika gani?"

Wata mitsitsiyar yarinya na gani,
kai ƙasa, ƙafa sama,
kallabinta ko zamewa bai yi ba.
A bayanta mai kura yana tura jarkoki a rufin duniya,
ruwan bai zube ba.

"To, matso."
Na matso. Ta girma, tana nan dai a kife.
Na ƙara kai fuska, sai ta narke:
ba ido, ba hanci, sai wani farin dishi-dishi.
Na ce, "Baffa, ta tafi!"
Ya ce, "Kar ki tsaya nan. Wuce."
Na cusa hanci har numfashina ya taɓa ƙarfen,
sai ga idona a miƙe, ƙato kamar faifai,
da ɗan kwallin da na sata a ɗakin Inna.

Ya yi dariya, ya juya kwanon ya fuskanci rana,
ya sa takardar ƙosai a bakinsa yana lalube,
har ranar Kano kakaf
ta dunƙule a ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba.
Hayaƙi ya tashi.
Ya ce, "Kowa ya biyo tasa hanya, nan suka yi mahaɗa."

Shekara shida bayan haka Malama Tasalla
ta zana shi a allo da rula:
layuka su shigo a jere, su bugi kwarmi, su dawo
su tsallake juna a matattarar haske.
Ta ce kifaffen hoton shi ake iya tarewa a takarda.
Miƙaƙƙen kuwa, babban nan,
a bayan madubi yake zaune,
inda in ka leƙa ba komai sai bango.
Na ci tara cikin goma. Ban gaya mata rumfar ba.

Yanzu yana ta rufe idon Baffa,
rumfar ta koma hannun mai cajin waya.
In na yi sallama daga zaure, sunan ƙanwarsa yake kira,
wadda ta rasu ban ko yi wayo ba.
A tsakar gida sai ya yi shiru, ya rasa ko wace ce.
Ba na tsayawa nan.
Ina wucewa, in durƙusa dab da tabarmarsa,
har ya kamo kunnena ya ce,
"Hajjo, yaushe kika yi girma haka?"