Burodin Silifa

Kawu Altine ya yi kuku shekara shida
gidan Italiyawan da suka zo aikin madatsar ruwa.
Bai dawo da babur ba, bai dawo da rediyo ba,
sai kalma guda a bakinsa: cabatta.
Ya ce ma'anarta silifa.
Muka yi dariya har Inno ta ƙware da fura,
wa ke cin takalmi da shayi?

Bara ya rasu, saura kwana uku a ga wata.
Cikin adakarsa na tsinci takarda da ajami,
man gyaɗa ya cinye gefenta:
fulawa gwangwani huɗu, ruwa ɗaya da rabi,
gishiri, yis ɗan mitsitsi,
sai wata kalma da ta narke.
Ko haƙuri ce, ko rufe ce, ban sani ba.

Daren Laraba na kwaɓa uwar ƙullu,
na kifa mata faifai, na kai ta gindin randa,
don zafin Sakkwato a watan huɗu
kan tsufar da ƙullu kafin ya yi ƙuruciya.
Ƙarfe uku na tashi da tocila na leƙa.
Tana numfashi.
Ƙananan idanu sun buɗe a fuskarta,
ɗaya ya fashe ina kallo.

Da hantsi na haɗa sauran.
Abu ya yi ruwa, ya kama yatsuna kamar ƙaro,
in na ja ya biyo ni, in na saki ya kwanta.
Kulu ta leƙo ta kan katanga:
"Ƙara gari! Wanga ai kunu na."
Hannuna har ya kai bakin buhu
sai na ji muryar Kawu daga can baya,
ranar da ya buge min yatsa a kan akushi:
"Ba a dukan shi. Ninke shi aka yi,
yadda kika ninke zanen aro."

Na jiƙa hannu, na ɗago, na ninke.
Gabas, yamma, kudu, arewa.
Na bar shi, na share tsakar gida.
Na dawo na ninke.
Na wanke kwanoni, na kori akuya,
na dawo, ya fara tsayawa da kansa,
yana rawa kamar kindirmo in an taɓa ƙwarya.

Ba ni da obin.
Tukunyar suna na aro, na zuba yashin Rima,
gawayi a ƙasa, gawayi bisa murfi,
da gwangwanin ruwa a gefe don turiri.
Na farko ya ƙone, kaji ma suka yi shawara.
Na biyu na juya shi, na ƙwanƙwasa bayansa,
ya amsa kamar ƙwarya a kife.
Da na aje shi, ɓawon ya yi ta ƙas-ƙas shi kaɗai,
yana gulmar wutar da ya baro.

Modi mai shayi na aika wa, nan bakin titin Runjin Sambo.
Ya zo da kansa, yanka guda a hannu,
ya ɗaga shi sama ya hango rana ta ciki.
"Iska kika gasa," ya ce.
"Babu sukari, duk rami, wa za shi saye?"
Na tura masa kwanon romon jiya.
Ya tsoma. Ramukan suka sha suka ƙoshi.
Bai ƙara magana ba sai a yanka na huɗu,
shi ma tambaya ce: akwai saura?

Akwai guda, ban ba shi ba.
Yana kan faifai, fulawa a bayansa fari-fari,
shimfiɗaɗɗe, mai faɗin goshi,
diddigensa ya ɗan karkace hagu.
Na daɗe ina dubansa kafin na gane.
Silifan Kawu na nan bakin zaure,
har yau babu wanda ya iya ɗaukewa,
na hagun haka ya cinye.