Adashin Kalmomi

A ajina na Aboabo,
bisa teburin da bulo ya zame wa ƙafa ta huɗu,
akwai gwangwanin madara da na huda wa murfi.
Ba ya karɓar sidi, ba ya karɓar kwabo.
Kalma ake zubawa, kowa ɗaya, kowace safiya.

Mansura ta kawo "ragowa"
daga gindin tukunyar waken uwarta.
Ƙarfe goma malamin lissafi ya zo aro:
sha bakwai a raba wa mutum biyar.
Ta ce, "Biyu ce ragowa.
A gidanmu ƙanina ke cinye ta."

Nafi'u, wanda sai da ƙugiya ake ciro masa zance,
ya jefa "tushe".
Muka bi ta darasin tsirrai, ta nutse ƙarƙashin rogo,
ta ɓullo a tarihi,
inda kakan kakansa ya biyo ayarin goro,
ya sauke kaya a Kumasi, bai sake ɗaurewa ba.

Wata takan yi mana taurin kai.
Mako guda muna kokawa da ita da Turanci,
allo ya yi fari, kawuna sun yi duhu,
sai Hashimu ya leƙa taga:
"Malama, ina kududdufin jiya?
Ya ƙafe."
Na ajiye alli. Rana ta riga ni koyarwa.

Yaran nan da harsuna uku suke yini:
Hausa a tsakar gida,
Tonanci wurin ciniki a Kejetia,
Turanci a takardar jarrabawa.
Na sha ganin yaro da amsa a cikinsa
amma kalma ɗaya a tambayar ta tare ƙofa,
ya zauna yana tauna biro har a karɓe takarda.
Shi ke hana ni barci, ba albashi ba.

Ran Juma'a ake kwasa.
Mu zazzage gwangwani, kowa ya tafi da ta wani.
Yau a ƙasa na tsinci guntuwar takarda,
rubutun Zuwaira, a karkace: "burtali".
Wai kakarta ce ta faɗa cikin barci.

Ni haifaffiyar zango ce, ban san ta ba.
Na naɗe ta a bakin mayafi.
Bayan la'asar zan sayi goro,
in je in durƙusa gaban tsohuwa.