Jan Takalmin Amaro

Na saya masa jan takalmi a kasuwar bakin teku
kwana tara kafin a ce kowa ya shige gida.
Sau biyu ya taka ƙasa da shi.
Daga nan ya zauna a bayan ƙofa, baki buɗe,
kamar wanda ya zo da tambaya ya fasa.

Gidanmu a kan tudu yake, a Valparaíso,
matakala ɗari da sittin da biyu daga titi.
Ba ni na ƙirga ba, Amaro ne,
jikana, ɗan shekara huɗu da rabi,
wanda kullum sai ya riga ni kaiwa sama
ya juyo yana haki yana dariya:
"Kaka, ka tsufa!"

Annoba ta shigo ba sallama.
Aka ɗaure lilon filin wasa da igiyar leda.
Uwarsa Fresia a asibiti take kwana,
ta dawo da shatin takunkumi a kumatu,
ta tsaya daga nesa ta rungumi iska.
Ni aka bar wa yaro,
ni da gwiwar da ta daina jin magana.

Ba zan ɗora wa kowa ba, ni na miƙa masa wayar.
Ranar farko don in samu in dafa wake.
Washegari don ya bar kuka.
Bayan nan ban ƙara neman dalili ba.

Malamarsu ma a ciki take, Ximena,
ba ta fi kwalin ashana ba,
tana tafi tana cewa a tashi a yi tsalle.
Ya yi ɗaya, ya yi biyu,
maƙwabcin ƙasa ya daki silin da sandar tsintsiya.
Ya koma ya zauna.

Na ja layi da alli daga kicin zuwa taga,
taku goma sha ɗaya, na ce mu yi tsere.
Kwana uku ya biye mini, don kunya.

Sai dare ya ɓace mana.
Jikin da bai gaji ba, da me zai sayi barci?
Ƙarfe ɗaya, jirgin ruwa na kuka can a tasha,
shuɗin haske na yoyo ta ƙarƙashin bargo,
ido biyu ƙur, ba ƙiftawa.
Da hantsi kuma in yi ta jijjiga shi,
burodi ya bushe, madara ta huce,
ya tashi da fushin da bai san sunansa ba.

Ranar da aka ce yara su fito,
takalmi ya ƙi shiga.
Ashe ƙafa tana girma ko a zaune.
Na juya shi, ƙasansa fes, ko ƙwarzane babu.
Da silifa ya fita, riƙe da hannuna,
shi da bai taɓa yarda a riƙe shi ba.

Ya hango jirgi a kan ruwa, ɗan mitsitsi,
ya ɗaga yatsu biyu ya ware su a iska
don ya ƙara masa girma.
Teku ba ta kula shi ba.

Wajen hawowa, a matakala ta arba'in ya zube.
"Kaka, ɗauke ni."
Na dubi gwiwata, na dube shi.
Muka zauna tare, tsofaffi biyu,
har wani baƙin kare ya zo ya shinshine mu ya wuce.

Washegari hamsin da uku.
Ranar Asabar tamanin, har da faɗuwa,
gwiwa ta goge, ya yi kuka, na ji daɗi,
Allah ya yafe mini.

A daren nan barci ya sace shi da cokali a hannu,
ƙarfe takwas ba ta cika ba.
Wayar na kan tebur, fuska a ƙasa.
Ni ne na kasa runtsawa,
na zauna ina sauraren numfashinsa
kamar mai ƙirga kuɗin da ya ɗauka sun ɓata.

Takalmin kuwa na kai wa jikar mai tsintsiya.
Da safe ina jin sa a matakala,
ƙwas, ƙwas, ƙwas,
yana cinyewa.