Kiɗan da Aka Zare wa Murya

A Jekadafari, bayan an ɗauke wuta,
na tayar da ƙaramin janareto, na ja tabarma.
Sifikar aro ce daga shagon Ɗanliti,
makirfo guda, wayarsa ɗaure da salatif.
Jibi 'yan ajin Kaltume za su cika tsakar gidan nan.
Sun gama jarrabawa, karoke suke so,
kuma wai ni, Goggo, ni zan zaɓo waƙoƙin.
Sharaɗinsu ɗaya: na mata kaɗai.

Na ce to. Ban san kayan da na ɗauka ba.

Na'urar nan da abin mamaki take.
Sai ta zare mawaƙiya daga waƙarta
kamar mai zare ƙaya daga kifi,
ta bar kiɗa tsaye yana jira,
kalmomi na gudu a fuskar talabijin,
suna sauya launi, suna tambaya: ke fa?

Ta farko na saurara, na ajiye.
Ta yi sama kamar shirwa,
duk yarinyar da ta bi ta da tari za ta sauko.
Ta biyu zuma ce a cikin fura,
amma da aka kai baiti na uku
ni da na aurar da ƙanne biyu sai da na sunkuya,
ga katangar Malam Buba gajera.
Ta uku kuka take daga farko har ƙarshe
don wani bai kira ta a waya ba.
'Yan shekara sha shida!
Jiran waya duniya za ta koya musu, ba sai da ni ba.

Sai na daina duban waƙa, na koma duban yaran.

Rifkatu 'yar Kaltungo a coci ta koyi numfashi,
a ba ta mai tsauri, ta hau ta kamar dutsen garinsu.
Hajjo ba ta riƙe kari, amma ƙafarta ta san kiɗa,
na samo mata mai gajeren amshi
da kowa zai taya, kuskure ya ɓace a cikin taro.
Tagwayen gidan Alhaji Manu za su yi kokawa kan makirfo,
su kam wadda mata biyu ke yi,
wannan ta ajiye, waccan ta ɗauka.

Saura Kaltume,
'yar yayata mai magana kamar tana bai wa iska haƙuri.
Shekara shida malamai na rubutawa: ba ta ɗaga hannu.
Amma na taɓa jin ta wajen wanke-wanke,
ta ɗauka ba kowa a gida,
har na tsaya da bokiti, ruwa na zubo mini a ƙafa.
Waƙa ashirin na wuce, ban ga tata ba.

Can wajen sha ɗaya na faɗa kan wata mai sanyi,
ta wata da ta hau motar asuba da jaka ɗaya,
ba ta gudu ba, ba a kore ta ba, tafiya kawai take so.
Na ce bari in gwada makirfon.
Rabona da waƙa tun ina aji huɗu,
ranar da yayanmu ya ce muryata ƙofar langa-langa ce.
Na bi kalmomin ina tuntuɓe,
suna gaba, ina baya, kamar mai bin ɗan acaɓa da canji.

Ban ji buɗe ƙofa ba.
A baiti na biyu wata murya ta shigo ƙarƙashin tawa,
ta tallabe ta, ta wuce.
Kaltume ce, da zanen barci, ba takalmi.

Nan man janareto ya ƙare.
Kiɗa ya mutu, kalmomin suka ɗauke,
sai ƙugin sauro da hayaƙin fetur.
Ita ba ta tsaya ba.
Ta kai waƙar har tasha a cikin duhu.

Na laluba biro, na haska takarda da waya,
na rubuta lamba tara, na sa sunanta.
Ta leƙo ta kafaɗata, ta karɓi biron,
ta ƙara a gefe: da Goggo.