Tsohuwa Marar Inuwa

Ƙarfe biyun dare a Valparaíso.
Na rufe kantin magani, na hau tudunmu,
matakala ɗari da sittin da uku. Na daina ƙirga su
tun ranar da gwiwata ta karɓi aikin.
Ruwan Yuli na dukan kwanon rufi.
Na kunna kwamfuta, na shiga Darnuwel,
garin da teku ta cinye rabi, ta bar wa 'yan wasa rabi.

A can akwai wata tsohuwa
a gindin hasumiyar da aka sace wa ƙararrawa,
tana share dakali ɗaya, dare da rana.
Ba ta sayar da takobi, ba ta aiken kowa farauta.
In ka taɓa ta, magana ɗaya ce a bakinta:
"Ruwa ya san sunana."

Ni na fara lura ba ta da inuwa.
Kare na da tasa, tulu na da tasa,
har tsintsiyar hannunta na jan tata a ƙasa,
amma tsohuwa, wayam.

Fresia, mai tuƙa motar haya da rana,
maharbiya mai baƙin baka da dare,
ta ce sarauniya ce ta ɓad da kama:
"Dubi kwabon da muka tono a kabari na tara,
hancin nan ne, haɓar nan ce."
Baldomero na Quilpué, wanda ko an ce masa wuta da zafi
sai ya sa yatsa,
ya ce fatalwa ce, ta mutu daren ambaliya,
ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata.

Wata goma sha ɗaya muna haƙa.
Dodon kogo mun kashe shi sau talatin,
ba don zinariyarsa ba,
don rubutun da ke bayan kujerarsa.
Mun ɗinke yagaggun shafuka kamar tsumma.
Kabari arba'in da ɗaya a bayan gari,
suna arba'in a jikin dutse.
Na rubuta wannan a bayan takardar maganin tari.
Mako biyu Fresia ba ta yi wa Baldomero magana ba
kan kalma ɗaya ta tsohon harshen garin:
shi ya ce "nutsewa" take nufi,
ita ta ce "komawa gida."

Sai ran Talata kamfani ya sabunta wasa.
Jerin gyare-gyare, layi na hamsin da takwas,
tsakanin farashin kibiya da wata ƙofa mai maƙalewa:
"An gyara kuskuren da ya hana mai shara inuwa."

Na je na gani.
Ga ta kwance a ƙafarta, gajeriya, kamar kyanwa.
Baldomero ya cika mana fuskar kwamfuta da dariya.
Fresia ta ce ƙarya suke, sun ga mun kusa ne.
Ni ban ce uffan ba. Na zaga bayan gari,
na sake ƙirga kaburbura.
Arba'in da ɗaya. Wannan ba su taɓa shi ba.

Da asuba na sauka sayen burodi.
A matakala ta casa'in, Doña Herminda na shara,
yadda take yi shekara goma sha tara ina wucewa.
Allah ya yafe mini, ƙasa na fara duba.
Tana da ita, doguwa, har ta hau bango.
Ban san garin da ta fito ba.
Ban san mai hular jirgin ruwan nan ba
da hotonsa ke tagarta yana kallon tashar jiragen,
ko me ya sa kofi biyu take ajiyewa a kan tebur.

Na buɗe baki.
Ta ce, "Ɗaga ƙafarka, Eulogio,
ka taka mini shara."

Na ɗaga.
Ashe ta san sunana.